Jinjina ga Maƙeran Baromita

Baromita, wato ma'aunin nauyin iska, ta samo asali daga gwajin da masanin kimiyya Torricelli ya yi a Italiya a 1643, inda ya nuna cewa iska na iya tallafe zaiba a bututun gilashi har kimanin santimita 76. Yabo na musamman ya tabbata ga masu sana'ar yankin Komo na Italiya da suka yi ƙaura zuwa Ingila a ƙarshen ƙarni na 18, domin su suka hura gilashi, suka sassaƙa katakon mahogani, suka zana ma'auni a fuskar tagulla mai ruwan azurfa da haƙuri mai ban sha'awa, har na'urar ta zama adon gidajen attajirai, kuma da yawa daga cikin na'urorin da suka ƙera suna aiki har yau.