Tarihin Damagaram daga bakin dattijai: nazari a kan littafin André Salifou

A shekarar 1971 marigayi André Salifou ya wallafa littafinsa a kan daular Damagaram a ƙarni na 19, cikin jerin Études Nigériennes da ake bugawa a Yamai. Aikin ya fito a lokacin da masanan ƙasar nan suka duƙufa wajen tattara tarihin baka, domin a 1968 ne aka kafa a Yamai cibiyar da daga baya ta zama CELHTO.

Muhimmancin littafin yana cikin hanyar da marubucin ya bi. Kafin shi, babban madogara shi ne bayanan da Landeroin, tafintan ayarin Tilho, ya tattara tsakanin 1906 da 1909. Shi ma daga bakin mutane ya ji. Amma mai tambayar hafsan sojan Faransa ne, kuma ba a fi shekara goma da yaƙin Tirmini da kisan Sarki Amadu Kuran Daga a 1899 ba. Wanda aka ci da yaƙi jiya, ba kowace magana zai faɗa wa wanda ya ci shi ba. Salifou kuwa ɗan gari ne, da Hausa ya zauna da dattijai, sannan ya auna maganarsu da takardun Nasaru. Ta haka mai karatu yake ganin Sarki Tanimun, mai ganuwa da igwa, a matsayin shugaban daula mai tsarin mulki da fatauci.

Sai dai akwai abu biyu da ya kamata a duba. Na farko, da Faransanci aka rubuta littafin. Maganar da ta fito da Hausa ta koma wani harshe, jikokin waɗanda suka ba da ita kuma da yawansu ba za su iya karanta ta ba. Wannan asara ce ga mai nazarin harshe, domin kalmar da tsoho ya zaɓa, da karin maganar da ya sakaya zance da shi, su ma shaida ne. Na biyu, tarihin baka ya fi samun gata a fada, wurin maroƙa da dattijan gidan sarauta. Labarin Sosebaki na Mirriya da sauran garuruwan da Damagaram ta mamaye, da na bayi da mata, yana bukatar a tafi ƙofarsu a tambaya.

Darasin ya shafi jami'a ita kanta. An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi ta Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992, bayan rasuwarsa a 1991. Takardun ofis suna riƙe da waɗannan shekaru. Amma yadda aka yi ranar 9 ga Fabrairu 1990 a gadar Kennedy, inda ɗalibai uku suka rasa rayukansu, yana cikin zukatan waɗanda suka halarta, kuma furfura ta kama su. Wajibi ne a ɗauki muryoyinsu, malamai da ɗalibai da masu gadi da masu girki, a rubuta su da harshen da aka faɗe su, a ajiye sunan wuri da ranar hira, sannan fassara ta biyo baya. Salifou ya riski dattijan Damagaram da ransu. Shi kansa ya rasu a 2022.