Kayak: Ba a Fata Matsalar Take Ba

Masu haɗa jirgin kayak da hannu a Amurka da Turai sun daɗe suna cacar baki a kan fata. Wasu sun dage cewa duk jirgin da aka lulluɓe da yadin nailan aka shafe da man foliyuritan jabu ne, tunda mutanen Inuit na Girinlan da fatar sil, wata dabbar teku, suka lulluɓe nasu. Ni kam wannan gardama ba ta hana ni barci.

Aikin fatar sil ba ƙaramar wahala ba ce. Mata ke ɗinka ta da jijiya, layi biyu, kuma allura ba ta ratsa fatar har ɗaya gefen, don kada ruwa ya sami ƙofa. Sai a shafe ta da kitse. Bayan 'yan kwanaki a teku ta jiƙe, dole a shanya a sake shafawa, a kuma ɗora jirgin a sama don kada karnuka su yi kalaci da shi. Mafarautan Girinlan da kansu sun koma kanfas da fenti tun a ƙarni na 20. To, wa ya isa ya fi su kishin gadonsu?

Nailan ma yana da halinsa. Na farkon da na ɗinka, a bushe na ja shi, ya ɗaure tamau kamar ganga. Yana shiga ruwa ya saki, ya yi tamoji. Ashe danshi ke sassauta shi.

Abin da ke damuna shi ne awo. A da, da jikin mai jirgi ake auna jirgi: tsawo gaba uku, faɗi kuwa ƙugunsa a ƙara dunƙulen hannu biyu. Haƙarƙarin a lanƙwasa, a ɗaure komai da jijiya, ba ƙusa ba gam, don jirgin ya riƙa bin igiyar ruwa maimakon ya yi taurin kai. Ko George Dyson, wanda ya fitar da littafin Baidarka a 1986, da bututun alminiyam ya yi ƙashin jiragensa, amma ɗaure su ya yi.

Yayin da ake yi yanzu kuwa, a sayi zane a intanet, inji ya yanka katakon, dogo da gajere, siriri da mai teɓa duk awo ɗaya. A tudu ba za ka ga aibu ba, sai sheƙi. Sai ranar da jirgin ya kife, kanka na ƙasa a cikin ruwan sanyi, kana lalube da cinyoyinka sandar da Inuit ke kira masik domin ka dafe ka juyo, ka tarar an kafa ta daidai ƙafar wani.