Wai nahawu ne ke hana mutum tanadi?

Idan ka taɓa jin an ce harshenka ne ya hana ka adana kuɗi, daga binciken Keith Chen na 2013 maganar ta samo asali. Hujjarsa ita ce, Bajamushe kan yi zancen ruwan gobe ba tare da sa alamar lokaci mai zuwa ba, mai jin Turanci kuwa sai ya sa ta, kamar yadda muke sa "za". Wai shi ya sa Bajamushe ke jin gobe a kusa take, har ya fi tanadi.

To, duba nan. Harsuna dangin juna ne. Jamusanci da Holanci kakansu ɗaya, masu su maƙwabta ne, tarihinsu da tattalin arzikinsu sun cuɗanya. Ka ƙirga su a matsayin shaidu biyu, alhali bakinsu ɗaya? A 2015 Seán Roberts da James Winters, tare da Chen ɗin kansa, suka sake lissafin da la'akari da wannan dangantaka, sai alaƙar ta yi rauni sosai.

Ni ma rabon harsuna gida biyu bai kwanta min ba. Kai da kake cewa "zan zo gobe", ai kana cewa "gobe ina zuwa". Wane gida za a sa ka?