Wai "rumbun hatsi": wa ya auna, wa ya ci?

Tun muna lakwal mushe yake sa mu rubuta a kaye cewa Damargu rumbun hatsi ce. Mun hardace, mun ci jarrabawa da ita. Sai da na fara nazarin harshe na tsaya na tambayi kaina: rumbun wa?

Kirarin tsoho ne. Heinrich Barth, Bajamushen nan, ya ratsa Damargu a watan Janairun 1851 cikin ayarin gishirin Abzinawa, kuma a littafin tafiyarsa da ya fara fita a 1857 ya nuna ta a matsayin ƙasar da ke ciyar da Abzin. Bai yi ƙarya ba. Amma ku lura da inda yake tsaye: cikin ayari, tare da masu zuwa awon gero. Ga mai raƙumi da ya sauko daga duwatsu, dole Damargu ta zama rumbu. Shi baƙo ne, ya yi kwanaki ya wuce. Mu fa? Mu da aka yanke wa cibi tsakanin Tanut da Balbeji, me ya sa har yau muke kallon gidanmu da idon mai saye?

Kalmar rumbu tana ɓoye abu biyu. Na farko, nama. A Barbarci "da" nama ne, kuma tsofaffi da dama suna danganta sunan Damargu da wannan, wai farauta ce ta fara jawo mutane su zauna. Ko fassarar ta tabbata ko ba ta tabbata ba, dajin kam ya tabbata: barewa, jimina, mariri, tuje, raƙumin dawa. Ƙanena bai taɓa ganin jimina da ƙafarta ba, sunanta kawai ya gada. Raƙuman dawan da ke Gadabeji yanzu ma a mota aka kawo su daga Kure a 2018. Gona ta ci daji, bindiga da fari suka ƙarasa. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa kuwa, je ka kwarin Tarka da damina ka gani ko gero ya san da ita.

Na biyu shi ya fi ci mini rai. Rumbu yana nufin ƙoshi, alhali kakata ba da gero take ba da labarin 1984 ba. Da anza take bayarwa: yadda ake jiƙa ƴaƴanta kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, a wurin da ruwan kansa sai an yi sammako zuwa rijiya. Da ganyen jiga, da aduwa, da ƙwayar ƙarangiya da ake sussukewa hannu na jini. Wannan ilimi ne, wallahi, kuma na mata ne, shi ya riƙe rayuka lokacin da rumbun ya koma ɗakin ɓeraye. Ban taɓa cin karo da shi a darasin da aka ba mu kan yankinmu ba.

Har a bakinmu abin ya shiga. Ka ce gidan su wane anza suke ci, ka yi zagi. Da hutu na nemi kakata ta jera mini sunayen tsirran da suka ci a shekarar nan, ta kai goma sha ɗaya, ta tsaya, ta dube ni ta ce: "Kai ɗan nan, rubutawa za ka yi mutane su karanta?"