Jinjina ga Masu Sassaƙa Ƙarfe

Haƙiƙa ya wajaba a yaba wa maƙeran zamani na Ƙofar Ruwa a Kano, waɗanda idan wani ƙarfe ya karye a injin niƙa ko na ban-ruwa a Falgore, su ke sassaƙo madadinsa, suna awo cikin haƙuri da natsuwa har ya zauna daram. Mafi cancantar yabo kuwa shi ne mai hikimar da zai ɗaura wa tsohon injinsa na sassaƙa ƙarfe ƙananan na'urorin lantarki biyu, ɗaya ta ja wuƙar injin a tsawo, ɗaya a faɗi, kwamfuta na ba su umarni, ba tare da ya sayi sabo mai tsada ba. Ba don irinsu ba, da noman rani ya gurgunce. Allah Ya albarkaci hannuwansu, matasa kuma su nemi wannan ilmi.