4.3 Barkwanci Mai Ɗaci a Fim ɗin Scrooged

A wannan sashe za a dubi Scrooged, fim ɗin Amurka da Richard Donner ya ba da umarninsa a shekarar 1988, don a auna shi da finafinan barkwancin da ake kallo lokacin shagulgulan Salla a Ikara da Maƙarfi da Kudan. An zaɓe shi ne saboda shi ma fim ne na biki, wato Kirsimeti, kuma nauyinsa ya rataya a wuyan ɗan wasa guda, Bill Murray, kamar yadda finafinan camama suka rataya a wuyan marigayi Rabilu Musa Ibro.

An samo tushen labarin daga littafin da Charles Dickens ya wallafa a 1843. Murray ya fito a matsayin Frank Cross, shugaban wani gidan talabijin, marowaci marar tausayi, wanda ya tilasta wa ma'aikatansa aiki a daren jajibirin biki. Ya kori ma'aikaci don ya yi masa musu, ya kuma bai wa sakatariyarsa tawul a madadin kuɗin goron biki. Daga nan fatalwar tsohon maigidansa ta zo masa da gargaɗi, wasu fatalwowi uku suka biyo baya suna nuna masa jiyansa da yau ɗinsa da gobensa. Duk wanda ya san maigidan da ke riƙe wa 'yan ƙwadagon gonar rake haƙƙinsu a jajibirin Salla ba zai buƙaci a yi masa bayanin Cross ba.

Idan aka lura, ɗacin fim ɗin yana cikin yadda dariya da mutuwa suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Misali, da Cross ya haɗu da Herman, wani marar galihu, a gidan da ake ciyar da mabukata, abin raha ne. Daga baya ya tarar da gawarsa sanyi ya sandarar da ita, kuma maimakon kuka sai ya rufe gawar da faɗa. A nan mai kallo yakan rasa ko dariya ce ta kamace shi ko tausayi. Murray ne ke jawo wannan ruɗani, domin ba a iya hasashen abin da zai yi. Yakan daskarar da fuska kamar ba abin da ya dame shi, can kuma ya ɓarke da ihu. An san shi da kauce wa rubutaccen zance ya kawo nasa, kuma an samu saɓani tsakaninsa da Donner.

Wannan hali ne ya sa aka kwatanta shi da Ibro, wanda shi ma kan ƙirƙiri zance nan take a gaban kyamara, har ya mai da batun yaƙi abin dariya a Ibro Usama na 2002. Sai dai akwai bambanci. Galibi Ibro talaka ne mai neman mafita da wayo, don haka 'yan kallo tare da shi suke dariya. Shi kuwa Cross mai iko ne, shi ake wa dariya.

Raunin fim ɗin yana ƙarshensa. Bayan Cross ya ga ana ƙona akwatin gawarsa, sai ya tuba farat ɗaya, ya katse shirin da ake watsawa kai tsaye, ya yi dogon jawabi kan kyauta. Ba a shirya wa wannan tuba hanya ba, tsoro ne kawai ya haife ta. Haka kuma Murray ya gabatar da jawabin da irin fuskar da ya yi ta zolaya da ita tun farko, ta yadda ko lokacin da ɗan sakatariyar, wanda ya daina magana tun da aka kashe mahaifinsa, ya buɗe baki, da wuya a tabbatar ko Cross ya shiryu ne ko kuwa ya zauce.