Samanja Mazan Fama: Nazari a kan Harshen Ɗan Wasan da ya Karya Hausa da Gangan

1. Gabatarwa

Ranar 12 ga Nuwamba 2023 Allah ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna, yana da shekara 81. Mutane kaɗan ne suka san shi da wannan suna, domin a bakin jama'a, tun daga Kaduna har Maraɗi da Damagaram, Samanja Mazan Fama ake ce da shi. An yabe shi ƙwarai wajen ban dariya da gargaɗi, amma akwai wani zargi da ya daɗe yana bin wasansa, musamman a tsakanin malaman makaranta da ma'aikatan yaƙi da jahilci, wato cewa yana ɓata Hausa. Manufar wannan maƙala ita ce a auna wannan zargi. Ra'ayinmu shi ne, karyayyar Hausar Samanja aiki ce ta gwani, kuma tana da abin da za ta koya wa masu tsara harshe. Sai dai tana da nata haɗari, wanda bai kamata a rufe ido a kansa ba.

2. Taƙaitaccen tarihinsa

An haifi Usman Baba a shekarar 1942 a garin Pategi, cikin ƙasar Nupe, a jihar Kwara ta yanzu. Ɗan gidan sarautar Etsu Pategi ne, saboda haka Hausa ba harshen da ya sha a nono ba ne. Bayan ya yi karatu a Pategi da Ilori sai ya koma Kaduna, inda ya samu aiki a gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa, wanda aka buɗe a 1962. Daga nan ya shiga aikin soja a zamanin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, ya yi aiki a sashen sadarwa, bai bar kaki ba sai a 1985.

A wannan yaƙi ne rundunar sojan Nijeriya ta kumbura daga wajen mutum 10,000 zuwa wajen 250,000. Ke nan bayan yaƙi da wuya a samu garin da ba a san soja ba, ko mai kaki ko wanda aka sallama, ga kuma mulki a hannunsu har 1979. Cikin wannan hali ne wasan Samanja ya fito, da farko a rediyo cikin shekarun 1970, daga baya a talabijin na Kaduna. Ta hanyar Rediyon Kaduna ne mutanen kudancin Nijar suka fara saninsa.

Ta fuska uku ya saɓa wa abin da aka saba. Ɗan sarki ne da ya zaɓi sana'ar ban dariya, wadda a al'ada ta wawan sarki ce da ƴan kama da ƴan gambara. Soja ne na gaske da ke kwaikwayon soja, kuma a zamanin mulkin soja. Banufe ne da ya zama tauraron wasan Hausa, ba tare da ya ɓoye baƙuncin harshensa ba.

3. Hausar bariki

Harshen Samanja ba daga sama ya faɗo ba. Tun da Turawan Ingila suka kafa rundunarsu ta Afirka ta Yamma a 1897, Hausa ce ta zama harshen haɗa kan kuratan da aka ɗebo daga ƙabilu dabam-dabam. A nan ne aka samu abin da masana ke kira Barikanci. Daga wannan mahalli ne kalmomi irin su kofur, saje, hafsa, kurtu, fareti da gadirum suka shigo Hausa, har da sunan samanja kansa.

Alamomin wannan Hausa sanannu ne. Ga misalai da muka tsara da kanmu domin bayani:

(a) Rashin bambanta jinsi: a ce "mata na ya zo" maimakon "matata ta zo".
(b) Zubar da baƙaƙe masu ƙugiya: "karfi" a madadin "ƙarfi", "daki" a madadin "ɗaki".
(c) Rikita tsawon wasali da karin sauti, har "gari" na zama da "gari" na tuwo su zama ɗaya a kunne.
(d) Tsalle daga Hausa zuwa Ingilishi ko burokan a tsakiyar jimla, musamman wajen ba da oda ko lokacin fushi.

Daga wannan rumbu Samanja yake ɗiba. Amma akwai bambanci tsakanin mai magana da Barikanci domin ba shi da wata, da ɗan wasan da ke zaɓen inda zai karya. Da ya karya kome, da mai sauraro a ƙauyen Tasawa bai fahimci labarin ba. Da bai karya kome ba, da ba samanja ba ne. Gwanintarsa tana cikin ma'auni: yakan bar gangar jikin jimla a tsaye domin saƙo ya isa, sa'an nan ya sa kuskuren a wurin da zai fi jan kunne.

4. Wa ake yi wa dariya?

A nan ne zargin ɓata harshe yake raunana. Ba mai dariyar "mata na ya zo" sai wanda ya san daidai ɗinta. Wato kowace dariya shaida ce cewa ƙa'idar nahawu tana raye a kan mai sauraro, ko da bai taɓa shiga makaranta ba. Haka ƴan kama suke yi tun dā: su ɗauki muryar malami mai wa'azi su cika ta da zancen tuwo da miya, kuma ba wanda ya ce sun rushe karatu.

Har ila yau, akwai ma'ana ta biyu. Samanja a bariki shi ne gada tsakanin hafsoshi da kurata, mai tsawa, mai horo. Talaka da ke tsoron kaki a kan hanya, sai ga shi da yamma ya ji mai kakin yana tuntuɓe da harshen da shi talakan ya fi shi iyawa. A wannan ɗan lokaci iko yakan juya. Abin da ba a iya faɗa wa soja a fuska, nahawu ya faɗa masa. Kasancewar ɗan wasan soja ne ya sa sojoji suka ɗauki abin a matsayin wasan dangi, irin na Bafillace da Babarbare, wanda ba a fushi da shi.

5. Inda wasan ya gaza

Duk da haka, ba yabo kaɗai ya cancanta ba. Na farko, dariyar da ke saukar da mai iko ita ce kuma ke iya faɗawa kan wanda ba shi da iko. Miliyoyin mutane suna magana da Hausa a matsayin harshe na biyu, kuma su ne ƙarfin yaɗuwarta. A ajin yaƙi da jahilci a Yamai ko Agadas, inda Bazabarme ko Buzu ke koyon karatu da Hausa, idan aka saba ɗaukar kuskuren jinsi abin dariya, mai koyo zai kama bakinsa. Samanja yana da lasisin da Bahaushe mai kwaikwayonsa ba shi da shi, domin shi da kansa yake wasa.

Na biyu, wasan a gidan watsa labarai na gwamnati ya girma. Sukarsa takan tsaya a kan halin mutum ɗaya, wato zafin kai, gaggawa da cika baki, ba ta cika hawa zuwa ga tsarin da ya ɗora kaki bisa farar hula ba. Ana iya cewa ya sassauta tsoron soja, ana kuma iya cewa ya sa an saba da shi.

6. Darasi ga masu bincike da masu tsara karatu

Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, irin su Jatau Na Kyallu, an buga su, ana karanta su a makarantu. Wasan Samanja kuwa ya dogara ne ga murya da ƙagen magana nan take, kamar yadda Yazi Dogo da ƙungiyoyin wasa na ƙasarmu suka yi aiki, abin da Janet Beik ta nazarta a littafinta na 1987. Irin wannan adabi, in faifai ya lalace, ya tafi ke nan.

Saboda haka muna ba da shawara uku. A tattara abin da ya rage na waɗannan wasanni, a juye su a rubuce. A tsai da ƙa'idar rubuta karyayyar magana, domin rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, kuma mai juyewa yakan gyara kuskuren ba da saninsa ba, ya kashe abin da ake nema. A ƙarshe, a yi irin wannan nazari a kan tamu Hausar bariki da ta ofis, wadda ta cuɗanya da Faransanci ta ba mu lakwal, mushe, ajidan da jandarma. Kwatanta ta da ta Samanja zai nuna abin da Hausa ke riƙewa da abin da take saki idan ta shiga bakin baƙo, kuma wannan shi ne sanin da mai rubuta littafin koyar da manya ya fi bukata kafin ya yanke shawarar darasin da zai sa a gaba.